Shekarar Da Bakina Ya Kusa Tura Yayanku Hamada

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kafin wasunku su yi wayo, na daɗe ina jin ta ina kawar da kai. Ana cewa ni na so in hana yayanku gudu, na kushe shi a gaban baƙo har aka cire sunansa daga cikin waɗanda jami'a za ta ɗauka, sai da Malam Ɗanladi, malaminsu na wasanni, ya yi ta kai-kawo ya gyara abin da na ɓata. Rabin maganar gaskiya ne, ba zan musa ba. Ɗaya rabin ne ba ku sani ba, kuma yanzu da ido ya fara rauni, gwiwa ta daina ɗaukata zuwa gona, na ga gara ku ji shi daga gare ni tun ina da ƙarfin riƙe biro.

Ni dai malamin gona ne, kun sani. Na ƙare ƙuruciyata a kan babur tsakanin Gagarawa da ƙauyukanta, ina roƙon manoma su daina shuka irin da ya gaji. Wanda ya yi wannan aiki ya san darajar gumi, amma gumin da na sani shi ne wanda ake zubarwa a gona. A ce ƙato ya tashi da sassafe ya sa gajeren wando ya yi ta zagaya fili, babu kura a bayansa babu ɓarawo a gabansa, wannan a wurina wauta ce da ƙoshi ya kawo. Haka nake faɗa a majalisa, kuma ana yi mini dariyar yarda.

Sai ku haɗa wannan da kunyar ɗan fari. Ku 'yan yanzu kuna jin labarinta ne kawai, amma a gidanmu doka ce. Inna, mahaifiyata, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira sunan Yaya Sale ba, shi ne ɗan farinta. Idan tana son sa sai ta ce, a kira mata na ƙofar gida. Da aka haifi yayanku, ni da Ummanku muka bi sahu. Ba mu kiran sunansa, ba mu ɗaukarsa a gaban mutane, in aka yabe shi mu sunkuyar da kai ko mu tashi. Ana yaye shi Inna ta kwashe shi zuwa sashenta, a can ya girma. Ita kam ba ruwanta da kunya, jikanta ne, Maigidana take ce masa, shi kuma ya ce mata amarya mai haƙori uku.

Gudun nasa a sakandare ta Gumel ya fito fili. Idan aka ba su hutu ba ya zaman jiran mota ta cika a tasha. Sai ya ba wani jakarsa ya taho masa da ita, shi ya kama hanya da ƙafa, kuma sau da yawa yana riga motar isowa, don kun san motocin hanyar nan da tsaye-tsaye. Direbobi suka sa masa Idi Barewa. Wani lokaci su tare ni su ce, Malam, ka ja wa yaronka kunne, zai kashe mana kasuwa. In ɗaure fuska in ce, wane yaro? Amma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ranar da na san zai dawo, nakan zauna a zaure ina satar kallon agogona, in na ga ya rage minti biyar a kan na wancan karon sai in ji kaina ya yi girma. Inna ce kaɗai ta gano ni. Takan leƙo ta ce,

"Garba, an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ni har yau ban gane inda kunkuru ya samo zomo ba."

Shekarar da nake son in ba ku labarinta ita ce shekarar da wayar hannu ta fara shigowa Gumel, mai ita sai ya hau tudu yake samun magana. Yayanku ya gama sakandare shekara biyu ke nan yana zaune. Takardunsa ba su da laifi, amma duk inda ya nema sai a ce gurbi ya cika. Ranar Alhamis yakan tafi kasuwar Maigatari yana taya dillalai kora shanu da loda su a mota. A can ya haɗu da samarin da ke tsallakawa Nijar, su bi ta Zinder su nausa Agadas, daga nan sai hamada da abin da Allah ya yi. A lokacin abin ya zama yayi. Ƙauyen da ka shiga wajen Sule Tankarkar sai a nuna maka gida biyu ko uku da ɗansu ya tafi, wasu suna aike, wasu ko labarinsu babu.

Cikin wannan zaman ne Malam Ɗanladi ya kai shi wata gasar tsere a birni, ya ba kowa rata. Wani mai horar da 'yan wasa na wata jami'a ya gan shi. Koci Emmanuel sunansa, mutumin kudu ne, dogo, mai 'yar Hausar kasuwa. Jami'arsu tana ware 'yan gurabe kaɗan ga yaran da suka cika sharuɗɗan karatu kuma suke da baiwar wasa, su yi karatu su kuma wakilce ta a gasar jami'o'i. Sai dai kocin yana da ƙa'idarsa. Wasu yaran da ya taɓa ɗauka sun ba shi kunya, sun ƙi aji sun yi ta rigima, har manyan malamai suka fara cewa a soke guraben. Don haka ya rantse ba zai ƙara ɗaukar yaro ba sai ya taka ƙafa gidansu ya ji halinsa daga bakin ubansa.

Ya zo Gagarawa wata Asabar bayan la'asar. Da ma tare da Malam Ɗanladi za su zo, sai aka yi wa malamin rasuwa a danginsa ya wuce gaisuwa. Kocin ya same ni a ƙofar gida, ga Yaya Sale, ga liman, ga maƙwabta kusan goma a kan tabarma. Aka ba shi ruwa, aka gaisa. Ya ciro wani ɗan littafi ya ɗora a gwiwa.

"Baba, ni na zo don yaronka Idris. Yana gudu sosai. Amma ina so ka faɗa mini gaskiya, yaya halinsa? Yana jin magana? Yana da ƙoƙari?"

Kowa ya zuba mini ido. An tambaye ni ɗan farina, da sunansa, a gaban yayana da limamin gari. Na yi abin da ubana zai yi, da abin da kakana zai yi. Na kalli gefe na taɓe baki.

"Wannan? Ai ba abin da yake tsinanawa. Malalaci ne, sai ci da barci da yawon banza. In kun ga za ku iya da shi, ku kuka sani."

Majalisa ta yi murmushi. Liman ya gyaɗa kai, Yaya Sale ya shafa gemu, duk wanda ke wurin ya san abin da nake nufi, wato ku ɗauke shi, na gode, Allah ya yi albarka. Kocin bai yi murmushi ba. Ya sake tambayata, yana kallon cikin idona, ko da gaske nake. Na ce wallahi ni ban ga amfaninsa ba, ban ma san na rantse ba. Ya yi rubutu layi biyu, ya rufe littafin, ya yi godiya ya shiga mota. Har na raka shi ina jin daɗin na fita kunya. Da na dawo liman ya ce, Malam Garba, ka nuna kai ɗan babban gida ne.

Bayan sati uku sunaye suka fito, babu nasa. An ɗauki yaron da ya zo na uku a tseren. Yayanku dama ba mai yawan magana ba ne. Ya dai daina fita gudu da safe. Ummanku, wadda ita ma ba ta iya ambatonsa, ta kawo mini tuwo wata rana ta tsaya a kaina ba ta tafi ba.

"Malam, yaron Inna fa ya daina cin abinci. Kwano yadda aka kai haka ake dawo da shi."

"Zafi ne," na ce mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki murfin kwanon ta fita.

Ranar Litinin da hantsi Malam Ɗanladi ya zo a kan kekensa, ko sallamar kirki bai yi ba. Ɗan gajere ne mai saurin fushi, Allah ya jiƙansa. Ya ce ya je har jami'ar ya tambayi dalili, kocin ya buɗe masa littafi ya nuna masa abin da uban yaro ya faɗa. Ya yi ta bayani, ya ce al'ada ce, Bahaushe ba ya yabon ɗan fari. Kocin ya ce shi ya zauna da Hausawa shekaru, bai taɓa jin uba ya rantse da Allah a kan ƙarya ba. Idan uban yana da wata magana daban, ya zo da kansa ranar Laraba ya faɗa a gaban kwamitin ɗaukar ɗalibai, don akwai gurbi ɗaya da mai shi bai zo ba, ranar za a rufe shi.

"Malam Garba, magana zarar bunu ce," in ji Malam Ɗanladi. "Kai ka zare ta, kai za ka je. Kuma bari in ƙara maka, yaron nan ya riga ya yi magana da direba a Maigatari. Ranar Alhamis in kasuwa ta tashi za su wuce. Su shida ne."

Ban san Inna tana bayan ƙyaure ba sai da na ji sandarta. Ta fito, ta sa aka kira na ƙofar gida, aka zauna a tsakar gida, Ummanku tana bakin madafi tana yi kamar tana tsince wake. Yaya Sale ya ji komai, ya ce abin da ya kamata shi ne shi ya je, ai baffa shi ke magana a kan ɗan ƙaninsa, haka aka gada. Malam Ɗanladi ya ce kocin ya ce uba, uban da ya yi rantsuwar. Nan Yaya Sale ya murtuke.

"To a bar shi. Ka je ka tsaya gaban baƙi ka kira sunan ɗan farinka kana yabonsa kamar maroƙi? A kan me? A kan tsalle-tsalle? Da karatun allo ne ko aure, da sai in ce lalura. Garba, in ka yi wannan ka zubar mana da mutunci."

"Kai, rufe mana baki," in ji Inna, ba ta ko dube shi ba. Ta juyo kaina. "Garba, ni na koya muku kunyar nan, ni kuma na ce ka ajiye ta ka je. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar da za ta kai mini miji hamada ƙishirwa ta kashe shi, ka jiƙa ta ka sha."

Yaya Sale ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Abin da ya faɗa kafin ya fita har yau yana kunnena.

"Ni shekarata nawa a duniya ban taɓa jin an ce na yi daidai a gidan nan ba? Ga ni, ban mutu ba."

Ya fice. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na Yaya Sale, sai da na tsufa na gane ciwo ne yake magana.

Da safiyar Talata muka hau mota a Gagarawa Tasha ni da Malam Ɗanladi. A gida an ce na tafi taron malaman gona. Ita kuwa Inna ta sa aka ɗauko mata jakar da yayanku ya haɗa, ta cusa ta ƙarƙashin katifarta ta kwanta a kai, ta ce ƙugunta ya riƙe, ba mai ɗaga ta sai Maigidanta. Haka ta tsare shi kwana biyu yana yi mata fifita. Mu kuma muka yini a hanya. Malam Ɗanladi yana ta koya mini abin da zan ce, ni ina ta jin kamar an ce in tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

Ranar Laraba aka shigar da ni wani ɗaki mai dogon tebur. Mutum biyar ne a zaune, ga kocin a ƙarshe ya harɗe hannu. A tsakiya akwai wani farfesa mai furfura, Bahaushe ne, da gani shi ne ba ya son guraben 'yan wasa ko kaɗan. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi dariya, don shi ya san al'adar, ya ce wa kocin lallai an yi masa Hausa. Na ji sanyi, na ɗauka shi ke nan zan tsira ba tare da na buɗe baki ba. Ashe yanzu aka fara.

"Malam, na yarda kunya ce ta sa ka," in ji farfesan. "Amma ni tambayata daban ce. Nan gidan ilimi ne. Akwai yara ɗari da ke son kujerar nan. Me mai gudu zai ƙara wa jami'a? In ya zo na ɗaya, littafi nawa ya rubuta?"

Ku tuna, wannan ra'ayina ne yake faɗa, har ya fi ni iya tsara shi. Ina neman abin cewa sai aikina ya faɗo mini. Na ce, ranka ya daɗe, ni malamin gona ne. Na yi shekaru ina tara manoma a gindin bishiya ina yi musu bayanin sabon iri, suna gyangyaɗi. Ba wanda ya taɓa canza iri saboda bayanina. Abin da ke canza su shi ne gonar gwaji, 'yar ƙaramar gona a bakin hanya, mu shuka ta mu kula da ita, mai wucewa zuwa kasuwa ya gani da idonsa. Ba ita ke ciyar da gari ba, amma ita ke sa gari ya zo neman iri. Na ce, a Gagarawa ba wanda ya san sunanka, ka gafarce ni, ba wanda ya san abin da ake yi a cikin ginin nan. Abin da samarinmu suke gani da ido shi ne wanda ya dawo daga Libiya da rediyo da agogo. In yaron nan ya sa rigar jami'arku ya yi gudu aka faɗi sunan garinmu, yaran Maigatari da Sule Tankarkar za su san akwai wata hanyar ban da ta hamada.

Farfesan ya daina murmushi, ya ɗan rubuta wani abu. Sai kocin ya yi magana a karon farko.

"Baba, wane yaro? Ka ce yaron nan, yaron nan. Ni na rubuta abin da ka faɗa da rantsuwa. Yanzu ka faɗa mini sunansa, ka faɗa mini halinsa, in rubuta."

Na dubi Malam Ɗanladi, ya kau da kai. Shekara ashirin ban furta sunan nan ba, ko a cikin ɗakina. Na dafa tebur na ce,

"Sunansa Idrisu. Ɗana ne, na fari. Rantsuwar da na yi ƙarya ce, zan yi kaffararta. Idrisu bai taɓa ɗaga mini murya ba. Tun yana ɗan shekara goma shi ke cika wa kakarsa randa kafin gari ya waye. Shekarar da na karye a babur shi kaɗai ya nome gonata, ya kai amfanin rumbu, bai bari na sani ba sai da aka gama. In ya ce zai yi abu, ya yi shi. Ban taɓa haihuwar kamarsa ba, kuma ban taɓa gaya masa ba."

Ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne ubana, sai ga ni ina share fuska da hannun riga a gaban mutum biyar da ban sani ba. Farfesan ya sunkuyar da kai, shi ya san nauyin abin da na yi. Kocin ya yage shafin nan na littafinsa ya miƙo mini. Kafin azahar suka ba shi gurbin, kocin ya rubuta takarda da hannunsa cewa ya zo sansanin horo ranar Litinin. A bakin ƙofa na riƙe hannun kocin da na Malam Ɗanladi, na roƙe su don girman Allah kada yaron ya ji na zo.

Mun iso ranar Alhamis da hantsi. Na sauka a Tasha na zaga ta gona, na shafa ƙasa a ƙafa kamar daga aiki nake. Malam Ɗanladi ya kai takardar. Ina shigowa na tarar da Inna, mai ciwon ƙugu, tana rawa a tsakar gida da sandarta. Yayanku ya durƙusa ya miƙo mini takardar. Na karanta ta kamar ban taɓa ganinta ba, na mayar masa, na ce to, a dai yi karatu, ban da shiririta. Motar Maigatari ta tashi da mutum biyar. Uku sun dawo bayan shekaru, biyu har iyayensu suka rasu ba su ji ɗuriyarsu ba.

Abin bai tafi a banza ba. Yaya Sale ya san inda na je, kuma daga ranar ya sa aka raba mana kwano. Mu da muke ci tare tun muna yara, sai da muka yi shekara huɗu kowa yana ci a zaurensa, rasuwar Inna ce ta sake haɗa hannunmu a akushi ɗaya. A gari kuma abin da aka gani shi aka riƙe, wato na kushe ɗana a gaban baƙo. Waɗanda suka gyaɗa kai a ranar su ne suka koma cewa Malam Garba ya kusa kashe wa yaro gaba. Ku ma kuka tashi da wannan. Na ga yadda kuke yin shiru in ana hirar gudu na shigo. Shi kansa yayanku, in ya zo hutu, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ya durƙusa daga nesa ya tashi. Na sa a raina yana riƙe da ni, kuma na ce ya yi daidai.

Sauran kun san shi. Ya yi wa jami'ar gudu shekara huɗu, ya gama karatunsa na ilimin motsa jiki da lafiya, ya yi 'yan shekaru yana gudu ana biyansa, har ƙasashen waje ya je sau biyu ko uku. Bai zama zakaran duniya ba, gwiwa ta tare shi. Amma ranar da aka fara nuna shi a talabijin, gidan kallon Gagarawa sai da aka cire ƙofa. A shekarar iyaye suka yi ta zuwa wurina, ni da aka ce ba na son abin, suna tambayar yadda ake cike takardar jami'a. Yaran da suka bi hanyar yawancinsu ba su iya gudu ba, akwai malamin asibiti a cikinsu, akwai injiniya, amma ƙafar yayanku suka bi suka ga ƙofar. Lokacin da mutane ke rufe gida in masu allurar rigakafi sun zo, shi aka riƙa ɗauka ana zagawa da shi, magidanci ya fito don ya gaisa da Idi Barewa, ya ƙare da fito da 'ya'yansa. Yanzu in na fita masallaci da asuba nakan yi karo da yaransa su ashirin ko fiye, suna gudu a gefen titin Gumel, har da 'yan mata cikin dogon wando da hijabi. Nakan matsa musu hanya in ce Allah ya ba da sa'a, ni da na ce wauta ce. Na gode wa Allah, na gode wa Koci Emmanuel da bai san al'adarmu ba, don da ya sani da har yau ban faɗi abin da na faɗa ba. Na gode wa Malam Ɗanladi da ya ɗauki yabon da bai nema ba ya riƙe mini amana har kabari.

A nan na so in tsaya. Na ba 'yar'uwarku Zainab takardun ta buga mini a kwamfuta, na ce kada ta nuna wa kowa sai bayan raina. Kun san Zainab da baki. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci sai ga yayanku ya yi sallama a zaure, shi kaɗai. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa inda ya saba, furfura ta fara fito masa a gemu. Muka gaisa, muka yi maganar damina. Yana kallon tabarma, ina kallon bango.

"Baba, Zainab ta karanta mini."

"Zainab ba ta da hankali," na ce.

"Baba, ai na sani. Ranar da na isa sansani Koci ya kira ni ofis ya faɗa mini komai, har abin da ka ce a kan gona da randar Inna. Ya ce ba zai iya riƙewa ba. Sai na roƙe shi kada ya bari ka san na sani."

Na juyo na dube shi, karo na farko da na kalli fuskarsa sosai tun yana jariri. Na ce, to don me ka bar ƙannenka suna zagina a zuci shekara ashirin da wani abu?

"Na ga ka ɓoye, Baba. In na faɗa, na tona ka. Kuma in na matso kusa da kai, za ka gane a fuskata."

Can na ɗaga murya na ce wa Ummanku a kawo abinci, ta ce kwano nawa, na ce ɗaya. Na matsa gefe a kan buzuna na ce, Idrisu, taso ka zauna nan, ƙasan akwai sanyi.